Matakala a Tsakar Gidan Wani

Ina da jika mai walda, ɗan babban ɗana, kuma a duk jikokina babu mai hannu irin nasa. Ka ba shi ruɓaɓɓen ƙarfe ya mayar maka da shi ƙofar da za ka yi alfahari da ita. Ba ya shaye-shaye, ba ya ƙarya, ba ya cin haƙƙin kowa. Ciwonsa ɗaya ne: yana son a ce masa mutumin kirki fiye da yadda yake son kansa. Tun yana yaro haka yake. In aka ƙwace masa abu ba zai ce a dawo masa da shi ba, wai kada a ce ya cika son abin duniya. Uwarsa tana kiran wannan kunya. Ni ina kiransa girman kai da ya ari rigar kunya. Wanda ya fi ƙarfin ya buɗe baki ya tambayi abin da yake nasa, ba kunya ke damunsa ba, yabo yake nema.

Neman abinci ya kai shi wata ƙasa mai nisa, inda ba yarenmu suke yi ba. Ya samu aiki a wani gareji, daga baya ya buɗe nasa wurin. A can ya auri 'yar ƙasar, yarinya mai aiki a kantin magani. Ni 'Yar Gari nake ce mata, sunan kuma ya bi ta. A bakinsa ta koyi Hausa, saboda haka Hausarta irin ta 'yan walda ce, ba lanƙwasa, ba kwana-kwana. Tun a waya na ji ta kwanta mini.

Wata rana ya kira ni cike da murna.

“Tsohuwa, mijinki ya sayi gida.”

“Madalla. A ina?”

“Saman bene ne. Gidan wan matata. Shi yana ƙasa da iyalinsa da shagonsa, ya sayar mini da sama.”

“Ya sayar maka da sama,” na ce. “Ƙasan fa?”

Ya yi dariya. “Ke dai ba ki rabo da tsiya. Ki zo ki gani da idonki.”

Da 'Yar Gari ta kusa haihuwa suka aiko mini da kuɗin jirgi, domin su biyun duk suna fita aiki kuma ba mai riƙe musu jariri. Na je. Aka haifi mace, aka sa mata sunana, muke ce mata Takwara.

Gidan ba laifi. Ɗakuna biyu da falo, kicin mai taga tana kallon titi, banɗaki mai tayil. Kowace ƙofa da kowace taga aikin hannunsa ce. Amma abin da ya fi ji da shi shi ne matakalar. Da can ta cikin falon wan matar ake hawa, sai aka toshe wannan hanyar, shi kuma ya ƙera matakalar ƙarfe daga tsakar gida zuwa ƙofarsa. Ya yi mata ƙarfen dafawa mai lanƙwasa, ya goge kowane haɗi har ba ka jin kaifi a tafin hannu, ya shafa mata shuɗin fenti. Masu wucewa kan tsaya su leƙo ta.

Ni ban yi boko ba. Takarda in ka miƙo mini ban san samanta da ƙasanta ba. Amma shekaruna da yawa ina sayen dabba ina sayarwa, kuma ban taɓa biyan kuɗin akuya na bar igiyarta a hannun mai ita ba. Ranar da na sauka, tun kafin in sha ruwa, na ga abubuwan da ba su yi mini ba. Ƙofar waje guda ɗaya ce, kwaɗonta na wan matar ne, mu ara mana mabuɗi aka yi. Mitar wuta tana jikin bangon shagonsa. Famfon da ke tura mana ruwa yana bayan kicin ɗin matarsa. Ita kanta matakalar, ƙafafunta a tsakar gidansa suke tsaye.

Wan matar, Mai Shago muke ce masa, yana sayar da kayan wuta da fitilu. Mutum ne mai fara'a da tumbi. Kalma ɗaya ya iya ta Hausa, “ƙanena,” kuma ba ya gajiya da faɗinta. Duk sanda ya ga jikana sai ya buɗe hannuwa ya rungume shi yana bubbuga masa baya. Shi kuwa gogan sai ya yi ta washe baki kamar an naɗa shi sarauta.

Wata safiya muna kicin, ina wanke kwalaben Takwara, na tambayi 'Yar Gari.

“Ke, takardar gidan nan sunan wa ke kai?”

Ta ajiye wuƙar da take yanka albasa. “Kaka, kin taɓo inda yake mini ciwo. Sunan Yaya ne. Daga ƙasa har sama.”

“Kuɗin da mijinki ya biya fa?”

“A hannu ya ba shi. Sauran kuma da aiki ya biya. Ƙofar shago, tagogin ƙasa, get ɗin waje, kantocin da yake jera kaya, duk shi ya yi. Babu rasit ko ɗaya.”

“Baƙo ba ya mallakar gida a ƙasarku ne?”

“Akwai hanya. Na je ofishin filaye da ƙafata na tambaya. Suka ce ana raba takardar, a fitar da sama daban, a sa sunana, shi kuma a rubuta masa haƙƙinsa yadda ko na mutu ba mai fitar da shi. Har hanyar hawa ana rubutawa. Yaya kawai zai je ya sa hannu.”

“To me aka tsaya jira?”

“Jikanki. Ya ce in na sake tayar da maganar ransa zai ɓaci.” Ta share ido da bayan hannu, ban sani ba ko albasar ce. “Kaka, wana ne, ciki ɗaya. Na san shi tun ina rarrafe. Ba mugu ba ne, amma in ya ga riba ba ya ganin mutum.”

Ban jira ya dawo ba. Na goya Takwara, na sa aka raka ni wurin aikinsa. Na same shi durƙushe, gilashin walda a fuska, tartsatsi na tashi. Ya kashe inji ya ɗaga gilashin.

“A'a, amaryata da kanta? Ko kin yi kewata ne?”

“Rufe mini baki. Me ka saya a gidan can?”

“Sama mana.”

“Sama a kan me take zaune?”

“Tsohuwa, ba ki san mutanen nan ba. Mutumin nan ya ba ni ƙanwarsa lokacin da danginsa ke cewa baƙo ne, ba a san asalinsa ba. Shi ya tsaya mini. Yanzu in dube shi in ce ya zo mu je ofis? Ai kamar na ce masa ɓarawo ne.”

“Da ya miƙo hannu ya karɓi kuɗinka, ka ji kamar ya ce maka wawa?”

“Haba, Kaka.”

“Shi bai ji kunyar karɓa ba, kai ne za ka ji kunyar tambaya? Matarka da ta san shi ta ce a rubuta. Kai da ka zo jiya ka fi ta saninsa?”

Ya miƙe yana goge hannu da tsumma. Fuskar nan ta canza. “Ni ba zan zama irin baƙin da ake zagi a garin nan ba, masu auren mace don su samu takarda. Kowa a layinmu ya san ni. Ki tambaya ki ji abin da ake faɗa a kaina.”

“Abin da ake faɗa a kanka ba ya tare ruwan sama,” na ce. “Yarinyar da ke bayana rufi take bukata.”

Ya mayar da gilashinsa ya kunna inji. A gaban yaransa na aiki ya yi mini haka. Na juyo na koma gida.

'Yar Gari ba ta haƙura ba. Wata ranar hutu Mai Shago ya kira mu cin abinci a ƙasa, uwarsu tana nan, matarsa tana nan, da wani kawunsu. Ana cikin ci ta yi magana da yarensu. Ban ji kalma ɗaya ba, amma na ga cokula sun tsaya. Mai Shago ya dafa ƙirji, ya dubi jikana, idonsa har da ƙwalla. Ya yi dogon jawabi, “ƙanena” na fitowa a ciki kamar gishiri. Na zunguri 'Yar Gari.

“Me yake cewa?”

“Wai tsakanin wa da ƙane babu ofis. Wai in ƙanensa yana zarginsa, a shirye yake gobe su je, amma zuciyarsa ta karye.”

“To ai shi ke nan. Ya ce gobe. Ku kama shi a kan goben.”

Na dubi jikana. Duk teburin shi ake kallo. Abin da ya rage masa ya ce to. Kalma guda, wadda ko Takwara ta kusa iya faɗa. Sai ya tashi, ya zagaya, ya kama hannun Mai Shago da hannu biyu yana ba shi haƙuri. Ya juyo ya ce wa matarsa da Hausa, don in ji ni ma, “Kin kunyata ni. Kada in sake jin wannan maganar a gidana.”

Kawun ya tafa masa. Uwar ta shafa masa kai. Aka ƙara masa nama a faranti. Ranar ya sha yabo har ya ƙoshi. Ni kuwa na ture farantina na hau sama, ina taka matakalar nan ina jin kamar in tsinke ta da haƙori.

Takwara ta fara tafiya lokacin da aka faɗaɗa babban titin da ke bakin layinmu. Manyan shaguna suka fara tsirowa. Gidan da ke kusurwa aka rushe shi, na kusa da shi ma haka. Na lura Mai Shago ya daina rungumar mutane. In ya hango jikana sai waya ta kama shi. Ya daina saro kaya a shago, kantoci suka fara zama wayam. Na faɗa wa jikana. Ya ce kasuwa ce ba ta tafiya, har yana tunanin ya yi masa sabon allon shago kyauta ko ciniki ya buɗe.

Wata rana da hantsi ina shanya a baranda na ga mutum biyu a tsakar gida da igiyar awo. Ɗaya ya ɗora ƙarshen igiyar a ƙafar matakalarmu, ɗayan yana rubutu. Na sauko ina yi musu magana da Hausa, suna yi mini da yarensu, ba wanda ya ji wani. Amma hannu yana magana. Na nuna sama na nuna ƙirjina. Mai rubutun ya girgiza kai, ya zana da'ira da yatsa tun daga get har rufin bene, sannan ya nuna wata mota da ke waje, alamar duk na mai ita ne.

Da jikana ya iso daga wurin aiki ya bincika, ashe an riga an gama komai tun makonni. Mai Shago ya sayar da gidan gaba ɗaya ga wani mai gina shaguna. Ya kwashe iyalinsa da asuba kwana biyu kafin nan, wai sun tafi duba mara lafiya.

'Yar Gari ta same shi a gidan uwarsu. Ni na raka ta, domin jikana ya ce shi ba zai iya haɗa ido da shi ba. Ku ji fa. Wanda aka cuta shi ne ba zai iya haɗa ido ba. Ta tsaya a kan wanta tana magana har muryarta ta dushe. Shi yana zaune yana juya mabuɗin sabuwar mota a yatsa. Da muka fito ta faɗa mini abin da ya ce. Wai bai taɓa sayar wa kowa sama ba. Wai ya taimaki ƙanwarsa da wurin zama ne, abin da mijinta ya bayar kuwa haya ce da kyautatawa irin ta surukai. Uwar ta ce ita ba ta shiga tsakanin 'ya'yanta. Kawun da ya yi tafi ya ce shi abinci ya je ci, bai ji an yi maganar ciniki ba.

Sai a lokacin jikana ya yarda aka je wurin lauya. Mace ce, mai gilashi, ba ta da yawan magana. 'Yar Gari tana fassara mini a kunne.

“Akwai yarjejeniya a rubuce?”

“Babu.”

“Ta banki ka biya?”

“A hannu.”

“Shaidu?”

“Danginsa ne duka.”

“Mitar wuta ko ta ruwa da sunanka?”

Ya sunkuyar da kai.

Ta cire gilashin ta ajiye. Ta ce ana iya shiga kotu a bi Mai Shago, amma shari'ar za ta ci shekaru, ta ci abin da ya rage musu, kuma maganarsa ce kawai a kan maganar ɗan ƙasa mai takarda. Shi kuwa wanda ya saya, ya duba ofishin filaye ya ga suna ɗaya, ya biya mai sunan, ba shi da laifi. Ta ce da sun zo mata kafin a miƙa kuɗi, aikin yini ɗaya ne. Sannan ta tambaya ko akwai wani abu a gidan da ba a gina shi cikin bango ba, wanda za a iya kwancewa.

Jikana ya ce, “Matakala. Da noti na ɗaure ta.”

“To wannan taka ce,” in ji ta.

Sabon mai gidan bai wulaƙanta mu ba, ya ba mu lokaci mu nemi wuri. Muka samu ɗaki biyu na haya a bayan gari, gidan mutane da yawa, banɗaki na haɗaka. Ranar tashi aka sauke gado, aka sauke katifu, aka sauke tukwane. Ƙofofi da tagogin da ya ƙera suna cikin siminti, suka zauna wa mai rusau. Ni ce ta ƙarshe da na sauko, da Takwara a bayana. Ina taka ƙasa na ce masa, “To bisimilla, mutumin kirki.”

Ya hau da sifana da injin yanka ƙarfe. Daga sama ya fara. Ya kwance notin da ke riƙe da matakalar a bakin ƙofarmu, ya yanka ƙarfen dafawar nan da ya ɓata kwanaki yana lanƙwasawa, yana saukowa yana yanka, shuɗin fentin yana ƙonewa yana wari. Maƙwabtan da yake taƙama da yabonsu suka fito suka tsaya a bakin get. Ɗaya ya ce wani abu, sauran suka gyaɗa kai.

“Me suka ce?” na tambayi 'Yar Gari.

“Wai Allah sarki, mutumin kirki ne.”

“Ce musu mun gode. Ce musu ko akwai mai ɗaki a cikinsu ya ba mutumin kirki.”

Ba ta fassara ba. Ba sai ta fassara ba, domin ɗaya bayan ɗaya suka watse.

Da ya gama na ɗaga kai. Ga ƙofarmu can a sama, a rufe, labulen da 'Yar Gari ta manta yana kaɗawa a taga, babu ta inda ɗan Adam zai kai gare ta. Guminsa na shekaru ke nan a rataye. Ya zo ya tsaya a gaban matarsa, hannuwansa baƙi ƙirin.

“Kin faɗa mini,” ya ce.

“Na faɗa maka,” ta ce. “Kai gida ka rasa. Ni na rasa gida, na rasa wa, na rasa ɗakin uwata. Da ka bar ni na ɓata masa rai rana ɗaya, da har yau muna gaisawa.”

Ta karɓi Takwara daga bayana ta shiga motar da ta zo kwasar kaya.

Ba ta bar shi ba, kuma wannan alherinta ne, ba cancantarsa ba. Yanzu sun fara tara kuɗi daga farko. Ita ke riƙe da komai, kuma ko tukunyar gas suka saya sai ya karɓo rasit ya kawo mata. Guntayen matakalar ya sayar wa masu gwangwan, sai guda ɗaya da ya kasa rabuwa da shi, na can ƙasa. Yana jingine da bangon gidan hayar, a kansa nake shanya kayan Takwara. Wani lokaci takan hau, ta kai ƙarshe, ta tsaya tana shafa bango tana neman ƙofa. In ubanta yana nan, tashi yake ya fita.

Darasin da nake so ku ɗauka, ku 'ya'yanmu da jikokinmu da ke ƙasashen mutane, shi ne wannan. In za ka sayi gida inda kake baƙo, ko da a hannun wanda ya fi kowa sonka ne, kada kuɗinka ya bar hannunka sai ka san sunan wa ke kan ƙasar, sunan wa zai hau takardar, da kuma ta ina za ka shiga ka fita ba da alfarmar kowa ba. Ka nemi lauyanka, ba wanda surukai suka kawo ba. Ka sa a karanta maka komai da yaren da kake ji. Ka biya ta hanyar da ke barin shaida, aikin hannunka ma a rubuta shi. In matarka ko mijinki ɗan ƙasar ya ce a rubuta, to masoyinka ne, ka saurare shi. Rubutu ba zargi ba ne, shi ke tsare zumunci ranar da riba ta shigo. Mai gaskiya ba ya jin haushin sa hannu, wanda kuwa ya dafa ƙirji ya yi maka hawaye don ka ambaci ofis, ya riga ya ba ka amsa. Kunyar da za ta kwana da 'yarka a titi ba tarbiyya ba ce. Ku bar a ce muku masu tsanani, in dai kuna da inda za ku rufe ƙofa.